Yadda Aka Raba Ni da Makullin Layinmu

Layinmu baki ɗaya gare shi. In ka shigo daga titi, ka wuce shagon aski, ka wuce kemis, ka wuce gidajen haya da ke kallon juna, sai ka ci karo da katangar wata ma'aikata. Shi ke nan, sai dai ka juyo. A wannan baki ɗayan akwai dogon ƙarfe da aka gitta, da curin siminti a gindinsa, da kwaɗo a ƙarshensa. Mai tafiya a ƙafa yakan raɓa ta gefe ya wuce, amma duk abin da ke da taya sai an ɗaga masa. Makullin kwaɗon nan a aljihuna ya zauna tun ranar da aka kafa ƙarfen, kuma ba roƙo na yi aka ba ni ba.

Baba Tanka ake ce mini, saboda tankar ruwa na tuƙa har kaina ya yi fari. Ban taɓa zama a aji ba. In ka miƙo mini takarda sai na nemi mai karanta mini, amma in mota ta tunkaro ni daga nesa zan faɗa maka abin da ta ɗauko, in faɗa maka ko direbanta ya samu barci jiya. Tanka ta kife da ni na fito ina kaɗe riga, ta sake kifewa na sake fitowa. Burki ya taɓa tsinke mini a gangare da ruwa cike, na kai ta ƙasa ko kaza ban taka ba. Waɗanda muka fara tuƙi tare yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, ni kuwa ga ni nan, haƙoran bakina ma nawa ne.

Abin da ya same ni shi ya sa aka kafa ƙarfen. Wata rana da rana tsaka, maza duk sun fita aiki, motar asibiti ta shigo layin da jiniya, fitilarta tana walƙiya. Fara fat, da jan rubutu a jikinta. Ta tsaya a ƙofar gidan da muke haya, mutane suka sauko da fararen riguna da gadon ɗaukar mara lafiya. Ni da hannuna na buɗe musu ƙofar gida, har ina ce musu su yi a hankali da matakala. Abin da suka sauko da shi a gadon nan ba mara lafiya ba ne, kayan mutane ne, ɗaki bayan ɗaki. Da na gane na cafke ɗayansu, sai ya sauke mini adda a kafaɗa. Matata, wadda nake ce wa tsohuwata, ita ce ta toshe wurin da zaninta, ta ja ni har bakin titi. Likita ya ce da wani ne da tuni an manta da shi. Da mutanen layi suka haɗa hannu suka kafa ƙarfe, ba wanda ya tambayi wa za a ba makulli. Tun daga ranar na ajiye bencina a gindin ƙarfen, kuma tun daga ranar jiniya ba ta rufe mini ido.

Ana nan, wata safiya sai ga Mai Kemis, wanda shi ne shugaban ƙungiyar layi, tare da 'yan kwana-kwana biyu a ƙafa. Babbansu wani siriri ne mai farar hular kwano, shi ya sa nake ce masa Farar Hula. A bayansu kuma ga Dogo, ƙanin matar Mai Kemis, wanda tun da ya zo layin nan ba shi da aikin da ya wuce danna waya. Abin da ya fara tsaya mini a rai ke nan. Ina ruwan Dogo da maganar gobara?

Farar Hula ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce doka ce suke bi layi-layi suna tunatarwa. Duk inda aka gitta ƙarfe, da an ji jiniyar motar kashe gobara ko ta asibiti a ɗaga, ba tambaya. Famfon gobara da ke gaban kemis, wancan jan guntun ƙarfen da masu jiran magani ke ɗora ƙafa a kai, sun gyara shi, za su shafa fenti rawaya a kewayensa, kada kowa ya ajiye mota ko tebur a kan fentin. In motarsu tana tafe a kauce gefe a tsaya, kuma kada kowa ya bi bayanta, da babur ko da mota. In suna aiki a ja baya, kada a taka mesa. Ya ce layin da ya hana su shiga sukan yanke kwaɗon, daga baya a tuhumi mai makulli.

Na bari ya gama, sannan na zame rigata na nuna masa kafaɗa. Na ce wanda ya yi mini wannan ma da jiniya ya zo. In duk gari ya ji cewa jiniya ce ke ɗaga ƙarfe, ai ɓarayi ma a garin suke, jiniya kuma a kasuwa ake sayar da ita. Ya daɗe yana kallon tabon, ya ce ya fahimce ni, amma wuta ba ta tsayawa sai an gama bincike.

"Baba, ka ɗaga tukuna, ka yi tambayar daga baya," in ji shi.

"Na taɓa yin haka, ɗana," na ce masa.

Mai Kemis ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya ja shi suka yi gaba. Suna tafiya na ga ya sunkuya yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yana taɓa kunnensa da yatsa. Na san kunnen wa ake nufi. Dogo kuma ya tsaya yana shafa kwaɗon kamar mai shirin tayawa, har ya tambaye ni ko ƙarfen yana da nauyi. Na ce masa ya fi waya.

Mai Aski sa'ana ne, tun muna da baƙin gashi muke zagin juna. Da na je ya rage mini gemu, sai ya ce in zauna da kyau, yana da labari. Ya ce Mai Kemis ya zauna a kujerar nan yana tambayar shekaruna, yana tambayar wai da gaske ne ina gyangyaɗi a benci da rana. Na tambaye shi me ya amsa. Ya ce ya faɗa masa ni da ƙarfen ba a san wanda ya fi tsatsa ba. Na ce masa da ba aska ce a wuyana ba da ya ga tsatsa. Sai ya rage murya ya ce ya ji 'yan kwana-kwana sukan yi gwaji ba sanarwa, su turo mota da jiniya don su ga layin da zai buɗe da wanda zai yi nawa. Wanda ya yi nawa, an samu dalilin karɓe masa makulli ke nan.

Na yi masa godiya, amma na fito ina tunani. Mutumin da ya kawo maka maganar wani, taka ma yana da inda yake kai ta.

Daga ranar na shirya. Na ɗiga wa kwaɗo mai, na ɗaure makullin da igiya a ɗamarata, na daina shiga gida cin abincin rana. Tsohuwata ce take kawo mini a kwano, tana ɗingishi tana mita. Ta ce rana za ta dafa mini kai a banza, in bar wa yara wannan aiki in zauna a inuwa kamar sauran tsofaffi. Na tambaye ta waɗanne yara. Ta ce yara dai. Na lura kwanakin nan tana yawan zuwa kemis karɓar maganin gwiwa, kuma takan daɗe. Na ce a raina lallai mutumin nan ya iya aiki, ta gwiwar matata yake son ya biyo ya shiga aljihuna.

Ranar da abin ya faru, rana ta ɗan karkata, layi shiru. Na hango hayaƙi can bayan gidaje ta wajen babban titi, amma a garin nan kullum akwai mai ƙona shara. Sai na ji jiniya. Tun tana nesa na miƙe, tun kafin Mai Aski ya leƙo, wannan a rubuta shi saboda masu maganar kunne. Na riƙe kwaɗo da hagu, na zura makulli, saura in murɗa.

Sai motar ta shawo kwana ta hau kwalbatin bakin layi, na ga ta yi tsalle.

Motar da ke ɗauke da ruwa ba ta tsalle. Takan hau kwalbati tana nishi, ta sauko ruwan ya turo ta gaba. Wannan bayanta a sama yake, tsakanin taya da jiki za ka iya cusa bokiti, cikinta yana amo kamar gangar da aka juye. Ja ce, da tsani a samanta, da komai, amma ko ɗigo babu a cikinta. Motar kashe gobara ba ruwa, ta zo layin da ba wuta. Direban ba wanda na taɓa gani ba ne, ba hula a kansa, fuskarsa baƙi ƙirin, ko uwarsa sai ta duba sau biyu. A bayanta babura sun manne mata kamar ƙudaje, da wata 'yar motar kaya an rufe bayanta ruf da tampol, hancinta har yana shiga ƙarƙashin jar motar. Na waiga, kemis a rufe. A tsallake kuma ga Dogo ya ɗaga waya ya saita ni, tun motar ba ta gama tsayawa ba.

Na zare makullina daga kwaɗon. Na fito na tsaya a gaban motar, ƙarfe a bayana.

"Ina wutar?" na tambayi direban.

Ya leƙo ya ce wutar tana rumfar katako a bayan babban titi, ruwansu ya ƙare, famfon layinmu ne mafi kusa da ke kawo ruwa. Na ji shi sarai. Kuma maganar ta hau, ni da na yi rayuwata ina neman inda zan cika tanki na san ta hau. Sai dai masu fararen rigunan nan ma maganarsu ta hau. Na ce masa zan ɗaga, amma ya sa waɗanda ke bayansa su ja baya, shi kaɗai zai shiga in mayar da ƙarfe. Dokarsu ce ta ce kada a bi su, ba tawa ba. In na ɗaga a haka duk za su kwarara ciki, in kuma na saki ƙarfen bayan ya wuce kan wani zai fashe. Ya daki sitiyari ya ce shi ba mai ba da hannu ba ne, in ɗaga ko in kauce. Na ce ba zan kauce ba. Ya saki jiniya a fuskata, motar ta matso har na ji zafin injinta a ƙirjina. Ban motsa ba. Wanda adda ba ta kashe ba, ƙara ba za ta kore shi ba.

Wani gajere mai faɗin ƙirji ya diro daga bayan motar da wani ƙaton almakashin ƙarfe. Ya kama ni ta kafaɗu ya ɗaga ni ya ajiye a gefe kamar buhun gawayi, a gaban mutanen layi, a gaban wayar Dogo. Ya sa almakashin ya datse kwaɗon da na yi shekaru ina shafa wa mai, kamar mai yanke farce. Ƙarfe ya tashi sama. Jar mota ta shige, babura suka bi ta, 'yar motar kaya ta bi su.

Ruwan dai suka sha, wannan gaskiya ne. Sun haɗa mesa da famfon gaban kemis, ina kallon bayan motar yana sauka a hankali har ya zauna a kan tayoyi yadda ya kamata. Amma da suka zo fita sai ido ya raina fata. Layi ba ya ɓullewa, wurin juyawa babu, dole sai da baya. A bayan nasu kuwa ga 'yar motar kaya an kashe ta a tsakiyar hanya, mai ita ya kulle ya shiga cikin 'yan kallo. Babura a kan fenti rawaya, wani ma ya ɗora tayarsa a kan mesa yana ɗaukar hoto. Direba yana ta danna oda, gajeren nan yana ihu, ba wanda ya san babur ɗin wa ne wanne.

Ni na shiga da sandata. Wanda ya ji ta a gadon baya ya tuna inda ya ajiye babur ɗinsa. Mai Aski da wasu maza suka tura 'yar motar kaya har tayarta ɗaya ta faɗa lambatu. Na tsaya inda direban zai gan ni a madubi, na dinga ba shi hannu yadda muke yi wa juna a wurin lodin ruwa, ya bi hannuna tiryan-tiryan har ya fita titi. Ko kallona bai yi ba ya taka mai ya tafi. Tsayuwar da suka yi a gabana ba ta kai rabin wadda suka yi saboda 'yar motar nan ba. Kowa ya ga haka, amma wannan ba wanda ya ɗauka a waya.

Da ƙura ta lafa na bi gida-gida ina tambaya ko an rasa wani abu. Ba a rasa ko cokali ba. Mai 'yar motar kaya ya ce burodi yake rabawa, cunkoso ne ya sa ya bi bayan jiniya don ya samu hanya. Haka ya ce. Bai buɗe tampol ɗin na gani ba. Masu irin wannan aiki ba ranar farko suke ɗauka ba, ranar farko ƙofofi suke ƙirgawa.

Washegari da safe na je na ga wurin gobarar da idona. Rumfar katako ta zama toka. Shagon wani tela da ke jikinta ma ya kama a lokacin da motar ta tafi neman ruwa. Ba a rasa rai ba, amma kekunansa sun lanƙwashe, yana zaune a kan bulo yana juya wani ƙonannen almakashi a hannu. Na yi masa jaje, ya amsa, bai san ko ni wane ne ba. Na daɗe a tsaye a wurin. Abincin ranar bai shiga ba.

Da yamma Mai Kemis ya kira taro a gaban shagonsa, aka fito da benci-benci. Farar Hula ya zo shi kaɗai. Wayar Dogo tana yawo hannu zuwa hannu, kowa yana kallona a tsaye gaban mota da makulli a dunƙule. Hoton ya fara daga inda na zare makulli, ya ƙare inda aka ɗaga ni sama. Na tambayi Dogo ko wayar tasa ta gaji ne da aka zo wurin tura 'yar motar kaya. Ya ce caji ne ya ƙare. Na ce to, cajin ma ya san lokacin ƙarewa.

Mai Kemis ya yi dogon bayani, ya yabe ni yabon da ake yi wa wanda za a sallama. Ya ce jiya sayen magani ya tafi, shi ya sa shagonsa yake rufe, ko da yake ba wanda ya tambaye shi. Ni ma na tashi na yi nawa. Na faɗa musu abin da na gani a kwalbati, da abin da na gani a bayan motar, na tambaye su tun da aka ba ni makulli ko an sake ɗauke wa wani ko tsinke a layin nan. Mai Aski ya ce ba a sake ba. Ya ce tsohon nan taurin kai ne da shi kamar gindin ƙarfen, amma da an saurare shi jiya da motar ta fita da wuri. Na ji daɗin wannan, na kuma lura bai dubi Mai Kemis ba da yake faɗa.

Farar Hula ya ce laifi biyu aka yi jiya, na mai makulli da na waɗanda suka bi motar, kuma mai 'yar motar kaya zai amsa nasa a ofis. Ni ba zai kai ni gaba ba, saboda direbansa ya faɗa masa wanda ya fitar da shi. Amma daga yau kwaɗo mai makulli uku za a sa, ɗaya a ofishinsu, ɗaya wurin shugaban layi, ɗaya wurin wanda ke zama a bakin ƙarfe. Ya ce shi bai damu da ko wane ne ba, abu ɗaya yake so ya ji. Ya juyo ya dube ni.

"Baba, in jiniya ta sake zuwa gobe, za ka ɗaga ba tambaya?"

Na san in na ce e, makulli nawa ne, na ga haka a fuskarsa. Mai Aski yana ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin benci.

"In na dube ta na ga ta yi mini daidai, zan ɗaga," na ce. "In ba ta yi ba, zan tambaya. Ba zan yi maka ƙarya don makulli ba."

Ya sunkuyar da kai, ya ce to, ya rage ga mutanen layi. Surutu ya tashi. Wasu suna cewa a bar wa Baba abinsa, wasu suna cewa in gidansu ne ke ci fa. Ana cikin haka Mai Kemis ya shiga shago ya jawo aljihun teburinsa ya fito da sabon kwaɗo. Ina kusa, na ga komai. Kwalin ya yi ƙura, gefensa ya koɗe, makullan uku kuma an riga an ɗaura wa kowanne zare mai launinsa daban. Jiya aka yanke nawa. Wannan kwaɗon ya kwana biyu a aljihun tebur yana jiran ranarsa.

Na karɓe kwalin daga hannunsa na ɗaga kowa ya gani. Na ce a dubi ƙurar nan a faɗa mini yaushe aka saya. Na ce tun ba a yi gobara ba an gama shari'ata, an naɗa magajina, abin da ake jira kawai in yi tuntuɓe. Mai Kemis ya hau in-ina. Ya ce gaskiya ne ya daɗe da saye, amma ba don kansa ba, wani ne ya daɗe yana roƙonsa a sauya mai makulli, shi kuma nauyi ya hana shi faɗa mini. Na ce ya kira sunansa a gaban jama'a in mutumin namiji ne.

"Ba namiji ba ne. Ni ce."

Tsohuwata ce, daga bayan taro inda mata suka tsaya. Ta matso tana dafa bango. Ta ce tun ranar da na tare wasu samari masu mota da sanda ta je ta same shi, kuma ba sau ɗaya ta koma ba. Ta ce ba Dogo ta zaɓa ba, ko kare za a ɗaure a wurin ita bai dame ta ba, muddin ba ni ba ne.

"Jiya ta taga na hango ka, Malam, ƙirjinka a jikin mota," ta ce. "Na taɓa jan ka zuwa titi lokacin ina da gwiwa. Yanzu ba ni da ita. In ka faɗi a wurin nan, wa zai ja ka?"

Waɗanda ke cewa a bar wa Baba abinsa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Mai Aski ya ce shi dai ba ya jayayya da matar da ta fi mijinta hankali, aka yi 'yar dariya, ni ban yi ba. Mai Kemis ya miƙa wa Farar Hula makulli mai jan zare, ya sa mai baƙi a aljihunsa, ya ba Dogo mai kore. Ba wanda ya ce in kawo nawa, tunda abin da yake buɗewa yana cikin lambatu gida biyu.

A hanyar gida na yi gaba na bar ta. Da na ji ɗingishin ya yi nisa sai na rage tafiya, amma ban waiga ba. Ta ce in yi fushina in gama, ta fi son mai fushi a ɗaki da wanda ake yabo a kabari. Na ce mata maganin gwiwar nan da ake ba ta a duba shi, ya hau kai. Ta ce ai kuwa ya yi aiki. Har yau ban yarda ita kaɗai ta shirya wannan ba. Wa ya gaya wa Dogo ya tsaya a tsallake da waya a daidai wannan lokaci? Me ya sa ranar ce kawai magani ya ƙare a kemis? Na tambaya, kowa da amsarsa a shirye, kuma amsar da aka shirya ni ba ta kwanta mini.

Da gari ya waye na ɗauki bencina na kai shi inda yake zama. Na sa an karanta mini dokar 'yan kwana-kwana daga farko har ƙarshe, babu inda ta hana tsoho zama a bakin layinsu, in dai ba a kan fenti ba ne. Dogo ya zo da koren zare a wuya, ya durƙusa ya gaishe ni, gaisuwar ta yi tsawo fiye da kima. Motar farko da ta zo fita ya kama ƙarfen ta tsakiya yana nishi, ya ƙi tashi. Na bar shi ya yi gumi, mai motar ya fara oda, sannan na ce masa ya koma gindi ya danna simintin. Ya danna, ƙarfe ya tashi. Ya ce ya gode, Baba. Na ce kada ya gode mini, ya dinga kallon abin da ke bayan mota, ba fitilar gabanta kaɗai ba.

Can da hantsi sai ga tsohuwata tana tafe a hankali da butar shayi. Ta ajiye a kan benci tsakanina da Dogo, ta juya. Na buɗe ledar da ta haɗo da ita. Kofi biyu ne a ciki.

Na zuba nawa na sha. Na biyun na bar shi a kife, ina nazarinsa tukuna.